Guguwa da 'yar taɓarya: karen da ya ƙi dawo da abin da aka jefa masa

A watan Afrilu, lokacin da zafin Damagaram ke haura digiri 40 tun kafin azahar, ɗan ƙanwata ya same ni a zaure bayan la'asar, ransa a ɓace. Ya ce, "Kawu, karen nan taurin kai gare shi. Wata biyu ke nan ina fama. In na jefa masa ice sai ya tsallake shinge ya ɗauka, amma ba ya kawo mini. Yanzu ma shingen ya daina tsallakewa." Na yi shekaru ina aikin kiwo, ina yawon rigakafin dabbobi tsakanin Tanut da Gure, don haka duk abin da ya shafi dabba a danginmu ni ake kawo wa. Abin da zan bayar a nan shi ne yadda lamarin ya gudana daga wannan rana har zuwa ƙarshen sanyi, kamar yadda na riƙa rubutawa a ɗan littafina.

Karen sunansa Guguwa. Yaron ya samo shi yana ɗan kwikwiyo daga hannun wani makiyayi Buzu a wajen Tanut. Irin karnukan nan ne dogaye, sirara, masu zurfin ƙirji da ɗamammen ciki, kalar rairayi, waɗanda Turawa suka ba sunan Azawak saboda kwarin Azawak da ke tsakanin Nijar da Mali. A ma'aunin da suka rubuta wa irin, namiji yakan kai santimita 64 zuwa 74 a kafaɗa, nauyinsa kilo 20 zuwa 25. Na auna Guguwa da abin awon tela, na samu santimita 66. Watansa goma a lokacin. An yi masa allurar ciwon haukan kare, ni da kaina na tsaya a kan wannan tun zuwansa gidan, domin kusan duk mutumin da wannan ciwo ya kashe ta cizon kare ya same shi. Ƙanwata ta yarda a ajiye shi bisa sharaɗi: ya zauna can baya wajen awaki, kaskonsa daban, kada ya shiga ɗaki.

Sha'awar yaron daga salula ta faro. Ya kalli hotunan gasar biyayya ta karnuka da ake yi a Turai da Amurka, inda mai kare ke jefa wani guntun ice ƙetaren shinge, ya ba da umurni sau ɗaya, kare ya tsallake, ya ɗauko, ya sake tsallakowa, ya zauna a gaban maigidansa da icen a baki har sai an karɓa. Shi ba wata gasa ce ke gabansa ba. So yake karensa ya iya abin da ya ga wasu sun iya. Amma ya haɗa ƙa'idoji biyu da ba ɗaya ba ne. Akwai gasar karnukan aiki da ta samo asali a Jamus, wadda yanzu ake kira IGP, inda shingen yake mita ɗaya, icen kuma giram 650. Akwai kuma ta ƙungiyar karnuka ta Amurka, AKC, wadda ta kafa dokokinta na gasar biyayya a 1936. A can, ga yawancin karnuka, tsayin shinge daidai yake da tsayin kafaɗar karen, kuma ana neman maki 170 cikin 200 kafin a ce kare ya ci. Yaron ya ɗauki mita ɗaya ya ɗora wa kwikwiyon da ƙashinsa bai gama ƙwari ba.

Abin da na gani a fili

Washegari da sassafe na bi su wani fili a bayan duwatsun Birni. Shingen tsohon kwanon rufi ne, an tsayar da shi tsakanin turaku biyu, bakinsa na sama da kaifi. Ƙasar wurin fako ce da tsakuwa. Icen kuma reshen bedi ne, wato dogon yaro, an yanko shi ɗanye.

Na ce ya yi kamar yadda ya saba. Ya jefa icen. Guguwa ya tashi da gudu, ya zo daf da kwanon, ya ja birki, ya kewaye ta gefe. Ya ɗauki icen, ya juyo. A nan ne na ga abin da ya riƙe hankalina. Ya taho har saura taku shida ko bakwai tsakaninsa da yaron, sai ya tsaya cak, ya kwantar da kunnuwa, ya sunkuyar da kai, ya tura jela tsakanin ƙafafu. Ya ajiye icen a hankali, ya ja da baya, sannan ya kewayo ya zo wurin maigidansa baki wayam, yana kaɗa jela. Sau uku aka yi, sau uku ya tsaya a kusan wuri ɗaya.

Kare mai taurin kai ba haka yake yi ba. Wannan zai gudu da icen ne, ya kwanta nesa yana gwaguya, yana kallonka. Guguwa so yake ya zo, tsoro ke hana shi zuwa da abu a baki.

Na duba ƙafafunsa. A tsakanin yatsun ƙafar gaba ta dama na tarar da ƙayar tsidau ta karye a ciki, wurin ya kumbura. A ƙwaurin baya akwai ɓawon rauni inda kwanon ya yanke shi. Da na lanƙwasa wuyan ƙafar gaban sai ya janye. Kare in ya yi tsalle da ƙafafun gaba yake dira, duk nauyinsa a kansu. A jikin ƙasusuwan ƙafar kwikwiyo kuma akwai wurin tsiro mai taushi da ba ya rufewa a manyan karnuka sai wajen wata 12 zuwa 18. Wata biyu yana dira a kan fako daga tsayin mita. Ƙin shingen bai ba ni mamaki ba, na ma gode wa Allah da ya ƙi da wuri.

Dalilin tsoron ne na kasa ganowa a ranar. Yaron ya rantse bai taɓa dukansa a fili ba, kuma na yarda da shi. Sai da daddare, ina ba ƙanwata labari, ƙaramar 'yarta ta ce, "Kawu, ai saboda takalma ne." Ashe lokacin yana ƙarami yakan lallaɓo ƙofar zaure ya ɗauke takalman baƙi. Duk wanda ya gan shi da takalmi a baki sai ya kira shi da murya mai daɗi, in ya iso a fizge takalmin a zabga masa. Ƙanwata ta yi, yara sun yi, har almajirin gidan. An yi haka wajen wata uku har ya bari, kowa kuma ya ɗauka an yi maganin abin. Abin da karen ya koya shi ne, in ka tunkari mutum da wani abu a bakinka, duka ke jiranka. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake.

Maganar Baba mafarauci

Akwai wani dattijo mafarauci daga wajen Mirya da ke shigowa kasuwar Alhamis, mun san juna tun ina aiki. Na kai masa yaron da karen. Ya daɗe yana kallon Guguwa, ya shafa ƙirjinsa, sannan ya tambayi abin da ake so ya koya. Da ya ji, sai ya girgiza kai. Ya ce, "Samari, wannan kare da ido yake farauta. In ya ga zomo ya tashi, ba ya jin kiran kowa sai ya kama. In ya kama kuwa tsayawa yake a kai. Mu ne ke zuwa wurinsa, ba shi ke zuwa wurinmu ba."

Gaskiyar Baba. Karnukan da yaron ke gani a salula, da yawansu an daɗe ana zaɓen iyayensu don wannan aiki. Labrado, alal misali, a Ingila aka gyara irinsa musamman don ya ɗauko tsuntsun da aka harbo ya kawo hannu. Namu an zaɓe su ne don gudu da gadi. Ɗauko abu ba ya cikin jininsu, sai an gina shi daga tushe.

Baba ya ba da shawarar a bar shi da yunwa kwana biyu, zai yi duk abin da aka ce. Ban yarda da wannan ba, na kuma faɗa masa cikin ladabi. Amma na ɗauki rabin maganar: a riƙa darasi kafin a ba shi abinci, kada a yi bayan ya ƙoshi. Wani abu kuma da ya faɗa ya zauna mini. Ya ce malaminsu ya karantar da su cewa horarren kare, wanda aya ta 4 ta Suratul Ma'ida ta halatta cin abin da ya kamo, shi ne wanda in an sake shi ya tafi, in an tsawatar ya tsaya. Na ce wa yaron alƙalin gasar da yake kallo ma waɗannan abubuwa biyu yake fara dubawa.

Wata bakwai ba tsalle

Na cire ƙayar, na wanke wurin, na ce ba sauran tsalle sai sanyi ya shigo. Wannan ya yi wa yaron nauyi ƙwarai, ya ce abokansa za su ce ya kasa. Na ce su faɗa. Na kuma tara mutanen gidan na roƙe su abu ɗaya: ko me suka gani a bakin karen, kada wanda ya kira shi ya doke shi. A ɗauke takalma daga ƙofa a ɗora kan katanga.

Muka je wurin masassaƙi. Reshen bedi ɗaci gare shi, kuma in ya kwanta a ƙasa dole kare ya kwashi rairayi kafin ya ɗaga shi. Aka sassaƙa mana sabo da icen aduwa, tsakiyarsa siriri, kawunansa biyu masu kauri, yadda in ya faɗi tsakiyar za ta tashi daga ƙasa kamar yatsa uku. Faɗin tsakiyar daidai bakin Guguwa, ta zauna a bayan fiƙoƙinsa ba tare da ta yi lilo ba. Yara suka ce ai 'yar taɓarya ce, sunan ya bi ta.

Ladan aiki kuwa hanta ce daga mahauta, a dafa, a yanka ƙanana kamar ƙwayar wake, a shanya. Yaron ya so amfani da ɓarɓashin kilishi, na hana, saboda gishiri da yaji da albasa, ita albasa kuwa tana lalata jinin kare.

A zaure muka fara, bayan asuba da bayan magariba, minti uku ko huɗu kawai. Yaron na zaune a ƙasa, 'yar taɓarya a hannunsa. In Guguwa ya kalle ta, ya ce "Yauwa!" ya ba shi hanta. Kalmar dole ta fito a daidai lokacin da karen ya yi abin, domin in ta makara da daƙiƙa biyu, wani abin daban aka saka masa. Bayan kwana biyu kallo ya daina wadatarwa, sai ya taɓa da hanci. Daga nan sai ya buɗe baki. A littafina, ranar goma sha ɗaya ce ya fara sa haƙori a kanta, ya saki nan take, ya ja da baya yana jiran abin da ya saba. Aka ce "Yauwa!" Ya tsaya yana kallon hannun yaron kamar bai gane ba, sannan ya matso ya karɓa.

Akwai masu horon da ke matse kunnen kare har sai ya buɗe baki don zafi, su tura masa icen, su saki kunnen. Hanya ce da aka daɗe ana bi a ƙasashen da ake gasar, yaron ma ya gani ya tambaye ni. Ga karen da ciwonsa tsoron hannu ne, wannan zai ƙarasa rusa abin da ya rage. Ko ga wani karen ma ni ba na son ta.

Riƙewa ita ce ta fi cin lokaci. Karen ya ɗauka, amma da an ƙirga ɗaya, biyu, sai ya tofar. Na zauna gefe ina kallo kwana uku kafin na gano laifin. Hannun yaron na dama yana zarcewa aljihu tun icen na bakin karen. Shi kuwa Guguwa da ya ga hannu ya nufi aljihu, ya san hanta na tafe, sai ya buɗe baki. Muka fitar da hantar daga aljihu muka sa a kwano kan katanga. Tsarin ya zama: ya riƙe, yaron ya sa hannu ƙarƙashin haɓarsa ya kama kawunan icen, ya ce "Ba ni", ya saki, a ce "Yauwa", sannan a tashi a ɗauko lada. Cikin mako biyu ya kai ƙirga goma.

Sauran matakan sun zo da sauƙi, ban da guda. Yaron ya riƙa ja da baya taku ɗaya, biyu, karen na biye da shi da icen a baki, ya zauna a gabansa. Da aka kai taku shida, nisan da yake tsayawa a da, na ga kunnuwan sun fara kwanciya. Muka koma taku uku muka yi kwana biyar a nan. Mai wuyar ita ce ɗauka daga ƙasa. In icen na hannu zai karɓa, in an ajiye sai ya kalle shi ya kalli yaron. Sai aka riƙa sauke hannun kaɗan-kaɗan, daga gwiwa zuwa idon sawu, har icen ya taɓa ƙasa yatsa ɗaya na kansa, har aka janye yatsan. Jifa ta farko a lungun da ke tsakanin zaure da tsakar gida aka yi ta, inda ba hanyar da zai bi sai ta wurin maigidansa. Damina ta kusa ƙarewa a lokacin.

Shinge

A Nuwamba, Guguwa na da wata 17, muka sake fili. Muka samu wuri mai rairayi, yaron ya share ƙarangiya da tsidau, kuma kullum sai ya sake sharewa kafin a fara. Aka jefar da kwanon. Shingen ya zama karan gero da aka ɗora kan ƙusoshi a jikin turaku, in ƙafa ta taɓa sai ya faɗi ba ciwo. Ba a kawo 'yar taɓarya wurin ba sam. Kara ɗaya a ƙasa, su tsallake tare, ta nan da ta can. Sai santimita 20, sai 30. Ba a wuce tsalle shida zuwa takwas a rana, ba a ƙara tsayi sai ya yi mako bai taɓa kara ba. Da ya kai 40 muka cike ƙasan da zana, don ya saba tsallake abin da ba ya ganin bayansa.

Haɗa aikin biyu daga ƙarshe muka faro. A zaunar da shi ƙetaren shinge da icen a baki, yaron ya koma ɗaya gefen ya kira shi. Dawowar ita ce inda ya fi rauni, don haka ita muka fi maimaitawa, kuma a kanta lada yake. Bayan haka a ajiye icen a gabansa ya ɗauka da kansa ya tsallako. Sai a ƙarshe aka jefa daga wannan gefe. Yaron na tsayawa kamar mita biyu da rabi daga shingen, kamar yadda dokar Amurka ta tanada, don karen ya samu wurin dira da zama. Duk lokacin da aka haɗa sabon abu, sai a sauke karan zuwa 30.

A Janairu muka samu koma baya, kuma laifin na mutum ne. Yaron ya gayyato abokansa su gani. Iskar hunturu na kaɗawa, icen ya faɗi can gefen hagu. Guguwa ya tsallake, ya ɗauka, ya juyo, ya ga maigidansa sarai ba shinge a tsakani, sai ya biyo hanyar da ta fi kusa. Kowane kare haka zai yi in ba a koya masa ba. Samarin suka yi dariya, yaron ya ji kunya ya daka tsawa. Karen ya saki icen a taku shida, ya kwanta. Aikin wata takwas, tsawa ɗaya ta maido da tsohon hali.

Ban yi masa faɗa a gaban abokansa ba. A hanya ya ce, "Kawu, na ɓata, ko?" Na ce ya ɓata na mako guda, in bai sake ba. Haka kuwa aka yi. Muka koma zaure kwana shida. Da muka dawo fili, aka daina jifa, aka koma ajiye icen da hannu: yau daidai tsakiya, gobe taku ɗaya hagu, jibi taku ɗaya dama, ana ƙara karkata a hankali. In ya kewayo, a karɓi icen ba magana ba lada, a sake. In ya tsallako, a ba shi uku a jere. Ya gane da sauri fiye da yadda na zata.

Abu ɗaya bai gyaru ba. In kyanwa ko zomo ya gifta, Guguwa ya tafi, ko icen na bakinsa. Maganar Baba ta tabbata. Saboda haka a fili marar katanga da doguwar igiya ake aiki, musamman da yake akwai awakin mutane a kusa.

A ƙarshen Fabrairu na ƙirga jifa goma cikin kwana biyu, shinge a santimita 65. Takwas ya yi su cif. Ɗaya ya tashi tun ba a ba shi umurni ba, ɗaya ya taɓa kara da ƙafar baya wajen dawowa. Yaron ya sake tayar da maganar mita ɗaya. Na ce karen zai iya, na ga yadda yake haura katangar awaki in ya so, amma ban ga abin da za a ƙara samu ba sai wahalar gaɓoɓi, ga shi zafi ya fara. Kare ba ya gumi kamar mutum, da haki yake huce jikinsa, kuma da ice a baki hakin ba ya fita sosai. Muka tsayar da cewa daga Maris a jingine karan, a ci gaba da 'yar taɓarya a zaure da asuba.

Mako biyu bayan haka ƙanwata ta ba ni wani labari. Ta fito da safe ta manta takalminta ɗaya a ƙofar madafa. Tana tankaɗe sai ta ga Guguwa ya taho da shi a baki, ya wuce iyakar da aka yi masa, ya zo ya zauna a gabanta. Ta ce har hannunta ya tashi, sai ta tuna. Ta sa hannu ƙarƙashin haɓarsa ta ce "Ba ni." Ya saki. Ta ƙwala wa ɗanta kira ya kawo hanta, sannan ya maida karensa wajen awaki.